Giram Ɗari da Sha Biyu

Tun da dusar ƙanƙara ta toshe hanyar Latemar
sikelina ya yi ƙaura daga kicin.
Na neme shi in auna garin polenta,
na iske shi a gareji, bisa benci,
da noti ɗaya tal a tafinsa
kamar ƙwayar gero a faifai.

Na ce, Ermes, shekara arba'in muna tare,
ko gishiri ban taɓa ganin ka auna ba.
Bai ɗago ba. Tabarau a ƙarshen hanci,
fensir a bayan kunne.
"Wannan giram shida ne, Nives.
Na titaniyam huɗu.
Kuma su goma sha takwas ne a jikin keken."

Firam ya iso daga Bolzano cikin kwali,
baƙi wul, na kabon.
Na ɗaga shi da yatsu biyu, gabana ya faɗi:
a kan wannan karan za ka hau dutse?

Ya zare tiyub daga tayoyi,
ya ɗura musu farin ruwa mai kama da madara.
Ya yanke kan keken, yatsa ɗaya dama, yatsa ɗaya hagu,
ya auna guntayen, ya rubuta, ya yi murmushi.
Sirdin da ya sayo, ko kaza ba ta yarda ta kwanta a kai:
ba soso, ba fata, sai ƙashi.
Farantin giyar gaba uku ne, ya mai da su ɗaya.
Na ce, giyar keke ka rage,
ta kofi fa?
Tullio maƙwabci ya yi dariya har da tari,
ya shafa tumbin mijina:
"Ga kilo biyar nan, ko sisi ba za ka kashe ba."

"Da yayyafi kogi ke cika," in ji Ermes,
ya juya shafi.

Birki kam ban bari ba.
Ya ɗauko ƙananan faifai, sirara kamar murfin gwangwani,
na tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu:
rage duk abin da ka ga dama,
ban da wanda zai dawo mini da kai.
Giram arba'in na ci masa a ranar.
Kwana biyu yana shan miya ba magana.

Rantsuwa ya yi tun Nuwamba
ba zai kai kilo tara ba.
Ran da ƙanƙara ta fara ɗiga daga rufi
ya rataye shi a ƙugiya, muka riƙe numfashi:
takwas, da ɗari tara da hamsin.
Ya sumbace ni a goshi kamar ni na ƙera.

Da tsakar dare na ji motsi, na sauka.
Ya buɗe tsohon gwangwanin biskit,
ya fito da ƙararrawar tagulla ta yayansa Vigilio,
wanda ya riƙe masa sirdi a gangaren coci
yana ɗan shekara shida,
wanda muka binne bara, lokacin tsinkar tufa.

Ya ɗora ta a sikeli.
Ɗari da sha biyu.
Ya daɗe yana kallon lambar.
Na iya lissafi ni ma, daga bakin matakala.
Ya ɗauki sukurudireba,
ya ɗaure ta daidai babban yatsansa na hagu,
bai taɓa fensir ba.

Da asuba ya fita.
Ina shanya na ji ta can sama,
tsakanin itatuwa, sau biyu,
ba kowa a gabansa da zai kauce.

Sikelina ya dawo kicin da tabon baƙin mai.
Ban goge ba.
Na auna gari na mutum biyu,
na ƙara tafi guda.