Ajin Yamma a Yaba

Ƙarfe huɗu da rabi, ruwan Legas ya ɗan tsagaita,
na hau bene da takalmina a hannu,
laka har idon sawu.
Ɗaki mai lamba goma sha huɗu:
kwamfuta ashirin, guda tara ke numfashi,
ɗalibai talatin da ɗaya,
kowa da gajiyar danfo a kafaɗarsa.

Na ce, "Wannan sunansa ɓera."
Tasalla ta fizge hannu, aji ya ɗauki shewa.
"Ba ya cizo. Ɗora tafinki a bayansa
yadda ake lallaɓa jinjiri mai barci."
Sikiru ya ɗaga nasa sama yana auna allo da shi
kamar mai sauya tashar talabijin.
Ban yi dariya ba.
Ni ma haka na yi, shekarun baya,
ranar da na baro Agege da biro biyu a aljihu
ina jin na gama sanin duniya.

A kujerar ƙarshe, jikin taga,
Baba Shekarau, dillalin albasa daga Mil Sha Biyu,
shekara hamsin da bakwai, gemu ya fara furfura.
Yakan lissafa buhu ɗari uku a ka
kafin yaron mota ya kwance igiya,
amma ga shi yana zufa gaban madannai,
yatsa ɗaya tal, kamar kaza na tsintar tsaba.
"Malam, wa ya watsa baƙaƙen nan haka?
A tana nan, B ta yi ƙaura can ƙasa,
ko faɗa suka yi?"

Na ce kowa ya rubuta jimla ɗaya, tasa ta kansa.
Nkiru ta rubuta farashin atamfa.
Tasalla ta jera sunayen 'ya'yanta huɗu
ta zauna tana kallonsu
kamar yau ne aka raɗa musu.

Can sai hannu ya tashi daga jikin taga.
"Malam, na'urar nan ba ta jin Hausa.
Na ce mata ƙasa, ta rubuta kasa.
Ni kuwa ban kasa ba.
Na ce baƙi, ta ba ni baki.
Ina ƙugiyar? Wa ya cire mana ita?"

Manhajar darasi ba ta tanadi wannan ba.
Shekara tara ina koyarwa,
ni kaina Ɗanladi ne a gida, Danladi a takarda,
ban taɓa bin sawun abin da aka yanke mini ba.
Na ja kujera kusa da shi.
Muka shiga lungu, muka fita lungu,
baƙaƙen mutanen da ba mu san garinsu ba,
masu ɗigo, masu wutsiya, masu hula,
har dai muka hango ta a can ƙurya,
'yar ƙ da lanƙwasarta,
tsaye ita kaɗai, kamar ɗan gida a cunkoson Oshodi.
Baba ya ce, "Sannu da hanya."
Ya danna.

Nan take aka ɗauke wuta.

Salati daga gaba, tsaki daga tsakiya,
janareto kuwa tun Talata ba mai.
"Wa ya adana aikinsa?"
Shiru.
Laifina ne, darasin gobe ne wannan.

Suka fara lalube jaka, ana haska waya,
ƙahon motoci na hawowa daga titi.
Ina haɗa takarduna
sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, daga jikin taga.
Allo baƙi ƙirin, na'ura a mace,
Baba Shekarau yana ta dannawa a duhu.

"Baba, ai babu wuta."

"Na sani, Malam. Je ka abinka.
Yatsan nake nuna wa hanya,
kada gobe ya ɓata."