Rubutun Kuluwa a Firiza

Kwana talatin da tara ina Jidda ni kaɗai,
tun da Rumasa'u ta sauka lafiya a Madina,
uwarta ta ɗau jaka ta tafi zaman jego,
ta bar ni da fanka, da gumin Bahar Maliya,
da firiza cike da rubutun Kuluwa.

Kafin ta tafi na ga aiki.
Na kai ta Bab Makka da sanyin safiya,
muka yo alayyahu ɗauri goma, da karas, da ɗanyen wake.
Ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa
kamar gaisuwar tsaye, ba zama,
ta tsame, ta jefa a ruwan ƙanƙara,
ta matse, ta ƙulle a leda, ta kori iska,
ta ce, "Haka korensa zai jure daskarewa."

Kowace roba da shaidarta:
miyar taushe, uku ga wata,
ragowar kabsar Juma'a, bakwai ga wata.
Cin mutum guda, ba ƙari, ba ragi.
Ta san cikina fiye da yadda na san hanyar Makka,
ni da na shekara ashirin ina kai baƙi da dawowa.

"Malam, in gobe za ka ci, sauko da ita yau,
ta kwana a firij, can ƙasa, bisa faranti.
Kar ka ajiye mini miya a bakin taga.
Ranar garin nan ba ƙawar abinci ba ce,
gefe ya yi ɗumi, ciki na ƙanƙara,
abin da ido bai gani ya farka ya hau haihuwa."

Na ce to. Namiji da to.
Dare na tara na dawo daga filin jirgi,
na sauke masu Umara, yunwa na sassaƙa ta,
na tarar da shinkafar da na ɗumama da rana
zaune kan tebur tun azahar.
Na shinshina, ba tsami. Na ce ɓarna haramun.
Na ɗan nuna mata wuta, sama zafi, tsakiya sanyi,
na ci, na kora da shayi, na yi hamdala.
Kafin assalatu na auna hanyar bayi sau bakwai.
Ɗanjummai maƙwabci ya kai ni asibiti,
yana dariya, ina dafe da ciki ina rantsuwa.

Ban faɗa mata ba. A murya ta ji.
"Shinkafa ce ko?" Na yi shiru. "Ai munafuka ce,
fara tas, ba wari, sharrinta na ciki.
Abin da ya ga wuta sau biyu, a cinye ko a zubar,
ba ya komawa sanyi, ba ya jiran dare.
Riyal nawa ne kwano, nawa ka ba likita?"
Na jiyo jariri yana tsala kuka a bayanta.
Faɗa take, amma na gane muryar damuwa.

Yanzu na iya.
Ina tsayawa kan tukunya kamar mai gadi,
in juya daga gindi, in fasa dunƙulen tsakiya,
sai tururi ya rufe mini tabarau,
sai miya ta ce ɓul-ɓul daga gefe har cibiya.
Ashe ɗumame ma yana son tafasowa.

Jiya na ciro roba ta ƙarshe.
A murfi, ƙasan kwanan wata, da ƙaramin rubutu:
"In ka kai nan, na kusa."
Na daɗe a tsaye, ƙofa a buɗe,
sanyi na hura mini fuska, na kasa rufewa.

Gobe da la'asar jirgin ƙasa zai kawo ta.
Yau na yanka kuɓewa, wata ƙatuwa, wata siririya,
na kaɗa miya, na raba a ƙananan robobi ta huce da wuri,
ɗaya a firij ta gobe, sauran can sama,
na rubuta da hannuna mai karkata:
"Gishiri ya ɗan zarce. Sannu da zuwa."