Takalman Baba a Bakin Ƙofa

A Hilo ruwan sama ba baƙo ba ne,
ɗan gida ne, ba ya sallama.
Yau ma ya zo, ya tarar da takalmanka
inda ka saba tuɓe su,
baƙaƙe, na hagun ya ɗan kwarzane a goshi.
Mama ta hana a ɗauke.

Sajan Kanoa Palakiko, haka takarda ta ce.
Mu Baba muka sani.
Shekara talatin da ɗaya, shigowarka iri ɗaya:
takalmi a waje,
bindiga a akwatin ƙarfe bisa kabad,
sannan famfo, sabulu har gwiwar hannu,
kafin ka shafa kan ɗayanmu.
Na taɓa tambayarka dalili.
Ka ce, "Mahina, abin titi a bar wa titi."

Daren da dutse ya yi aman wuta a Puna
sama ta yi ja wur kamar an yanka ta.
Ka bi ƙofa ƙofa kana bugawa.
Wata tsohuwa ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe
ba ta tafiya ta bar kajinta.
Ba ka ɗaga murya ba.
Ka durƙusa cikin akurki da kakinka,
kaza goma sha ɗaya a kujerar baya,
tsohuwa a gaba tana yi maka faɗan gudu.
Mako biyu motar hukuma tana wari,
abokan aiki suna yi maka cara in ka shigo ofis.

Ba zan wanke ka tas ba, Baba.
Ranar da na karɓi shaidar kammala makaranta
kujerarka ba kowa.
Na yi kwana tara ban ce maka uffan ba.
Sai daga baya na ji
mota ce ta kife a hanyar Hamakua,
ka zauna a kwalta riƙe da hannun wani yaro
har hannun ya yi sanyi.
Ba ka kare kanka ba.
Ka dai gyara mini kekena da asuba,
ka jingine shi jikin tagata.

Murya kuwa, Allah bai ba ka ba.
Duk da haka kowace Lahadi sai ka ɗauko
ɗan molon nan mai tsirkiya huɗu,
ka rera wa Mama waƙar da ka yi zawarcinta da ita.
Kainalu ya toshe kunne, kare ya fice,
ita kuwa ta ci gaba da kirɓa gwaza
tana murmushi cikin akushi.

Mun sha jiran mugun labari da tsakar dare.
Bai zo da jiniya ba.
Ya zo da hantsi, shekara biyu da ajiye kaki,
kana cikin fadamar gwaza, taɓo har ƙwauri.
Zuciya ce kawai ta ce ta gaji.

Ranar Asabar muka fita da kai teku.
Kwalekwale bakwai, furanni a wuyan kowa.
Wani ƙato mai zane a damtse ya kama matuƙi kusa da ni,
ya ce kai ka kama shi yana ɗan sha shida
da batirin motar mutane,
ka kai shi wurin masunci maimakon alƙali.
Yanzu jirginsa biyu.
Kuka ya hana shi ƙarasawa.

Muka zuba tokarka, ruwa ya karɓa.
Wani kunkurun teku ya leƙo, ya dube mu, ya nutse.
Kainalu ya ce kai ne kake ƙirga mu
kamar yadda kake yi kowane dare kafin ka kashe fitila.

Ni ban sani ba.
Na dai dawo gida a jiƙe,
na tuɓe takalmina kusa da naka,
na wuce famfo.