Dankalin da Ke Jiran Jaura

Fortunata Apaza ta baza dankali a kan ciyawa,
can a tudun Puno, inda numfashi ke guntu,
inda rana ke kusa har kana jin ta a ƙoƙon kai.
Dare uku take nema. Dare uku na jaura,
dankali ya daskare, ya yi tauri kamar tsakuwa,
hantsi ya narkar, ita kuma ta bi da dunduniya,
ruwa ya fita, ya bushe, ya zama cunyo,
abincin da kan shekara goma a rumbu bai ce uffan ba.

Kakarta ce ta gaya mata: rana bashi take bayarwa.
Da safe ta zuba wa ƙasa zafi ba awo,
dutse ya sha, tafki ya sha, gashin lama ya sha.
Da dare ƙasa ta biya,
ta mayar wa sama abinta a ɓoye, ba mai gani.
In biyan ya cika, sai asuba ta fito da farin gemu.

Bana asuba ta fito ba gemu.
Dankali ya kwana, ya tashi da laushi.
A kwana na huɗu ya soma wari.

Jikanta Wilber, mai karatu a Juliaca,
ya tsuguna ya latsa ɗaya da yatsa.
Ya ce, Kaka, biyan ne ba ya isa duka.
Akwai wata iska a sama, ba launi, ba ƙamshi,
haske na ratsa ta kamar ba ta nan,
amma zafin da ƙasa ke mayarwa
sai ta tare shi, ta juyo mana da wani.
Ba don ita ba, da tafkin nan ƙanƙara ne, da babu mu.
Sai dai hayaƙin kwal da na fetur sun ƙara mata kauri,
bargo a kan bargo.

Ta dube shi, ta dubi sama.
Ta ce, Wa ya ƙara lulluɓe mu
ba mu ce muna jin sanyi ba?

Bai amsa ba.

Ta ƙulle abin da ya saura a mayafi, ta aza wa jaki.
Akwai wani fage sama da nan, tafiyar awa biyu,
inda aka ce har yanzu ƙasa na cika biya.
Daga shi sai ƙolin dutse.
Daga ƙolin dutse kuwa ba wurin baza dankali.