Tafinta

Bakina na aro ne.
Da asuba nake wanke shi da asuwaki,
in hau mota a Nyanya, in sauka Sakatariya,
in ƙarasa kotu a ƙasa,
in ara wa wanda nasa bai ci a nan ba.

Yau Adum ne, mutumin Abeshe,
mai gyaran takalma a bayan kasuwar Wuse,
shekara goma sha ɗaya a rumfa ɗaya.
Takardunsa na cikin ledar burodi:
katin neman mafaka da ya ƙare tun kafin azumi,
rasit ɗin sabuntawa mai shuɗin hatimi,
wasiƙar mai unguwa,
da hoton Zenaba cikin rigar makaranta,
tana dariya da giɓinta.

Daren jiya ya kira ni.
"In ban zo ba fa, malam?"
Na ce za a rubuta ka gudu.
"In na zo?"
Na yi shiru har kuɗin wayarsa ya ƙare.
Gaba kura, baya sayaki,
shi kuma an ce ya zo ƙarfe tara daidai.

Ya zo tun bakwai.
Riga biyu ya sa, ɗaya kan ɗaya, a wannan zafi.
Ban tambaye shi dalili ba.
Makullin rumfa ya bar wa Obiora mai sayar da igiyar caji,
ya biya mai koko bashin kwana shida,
kamar mai shirin tafiya Makka,
alhali tafiyar ta naira ɗari biyar ce.

A baranda akwai mutum biyu da ba su da shari'a.
Na san su, ba lauyoyi ba ne.
Lauya takarda yake kallo,
su fuska suke ƙirgawa.
A ƙasa, gindin bishiyar mangwaro,
wata farar mota ta ƙi kashe inji.

Alƙaliya ta gyara tabarau ta ce yana da haƙƙi:
a saurare shi,
ya samu lauya,
kada a mai da shi inda wuta ta koro shi.
Na juya masa da Larabcin garinsu, ɗaya bayan ɗaya,
ban rage ba, ban ƙara gishiri ba.
Ya gyaɗa kai irin na wanda aka karanta wa farashin
kayan da ba zai saya ba.

Lauyar gwamnati ta ce fayil bai iso daga Sauka ba.
An ɗaga sai bayan Sallah.
Minti huɗu. Na duba agogo.
Ya ce, "Ke nan na ci?"
Na ce ba ka ci ba, ba a ci ka ba.
Ya ce alhamdu lillahi, ya naɗe ledarsa.

Daga ƙofar ɗakin zuwa matakala taku ashirin da uku ne.
Na sha ƙirgawa.
A na goma sha tara ɗayansu ya miƙe,
ba tsawa, har da murmushi:
"Ka ce masa 'yar tambaya ce, ba za a daɗe ba."

Na faɗa masa.
Da bakin nan da ya ce haƙƙi ɗazu,
ko ruwa ban sha a tsakani ba.

Bai yi gardama ba. Ya miƙo min hoton,
ya riƙe sauran.
Ya ce, "Ka gaya wa Obiora,
baƙin takalmin nas ɗin nan, ƙafar hagu,
gam bai bushe ba.
Kada ta sa sai gobe."

Na rubuta lambar motar a tafin hannuna,
na kira lauyan agaji sau uku, yana wata kotun.
Kafin in kai Wuse
gumi ya cinye lamba biyu.