Dunƙulen Barira

Barira ta zo hutu daga Birnin Kudu
da ƙullin garin cakulan a ƙasan jaka.
Ta ce yau za mu ci abin da bai san tanda ba.

Inna na tsintar wake, ko ɗagowa ba ta yi ba:
"Abin da bai gasu ba, sunansa ciwon ciki."

Ni aka bar wa gyaɗa.
Na soya, na murje a faifai, na hure,
kaji suka bi jan ɓawon har bakin rijiya.
Riɗin kuwa na gonar Baffa ne,
ragowar wanda bai kai kasuwar Maigatari ba.

Man shanu cokali uku,
sukari rabin gwangwani, madarar gari,
garwashi kaɗan, ba wutar tuwo ba.
Ya narke, ya yi duhu kamar lakar fadama,
ƙamshi ya haura katanga ba sallama.

Ta juye gyaɗa da riɗi, ta cuɗa,
tana ɗiba da cokali tana sauke wa a tire,
wani ƙato, wani ɗan mitsitsi.
Ɗanliti ya leƙo ya ce, "Kashin raƙumi!"
Muciya ta bi shi har zaure.

Ba mu da firji, muna da randa.
A gindinta tiren ya kwana,
bisa kwanon ruwa saboda kiyashi.

Ashirin da huɗu muka ƙirga da dare.
Da asuba sha tara.
Ɗanliti ya rantse har da hawaye.

Inna ta shafa addu'a, ta naɗe darduma,
ta ce, "Gobe a rage sukarin."