Turken da Na Yi wa Walda

Ƙarfe huɗu da rabi, amma rana ba ta ji an kira la'asar ba.
Filin bayan lakwal ɗin Garkawa ya zama tanda,
yashi na gasa tafin ƙafa.
Tun azahar na rufe gareji,
na bar kabu-kabu uku da cikinsu a buɗe
saboda yara goma sha huɗu
da takalman da ba su isa ba.

Agali da Shafi'u sun raba guda:
bahago ya ɗau hagu, ɗayan ya ɗau dama.
Tun bara haka suke.
An gaji da yi musu dariya.

Ƴan Bilbis sun zo da shuɗin riguna iri ɗaya, da lamba a baya.
Tamu lambar da alli na zana ta,
gumi ya lashe ta kafin a je ko'ina.

Mu muka fara ci.
Abarshi ya rantse da kai ya sa,
ni dai na ga ƙwallo ta mari kunnensa ta shige.
Ban musa ba. Ci ci ne.

Daga nan sai suka zauna a gidanmu.
Na yi ihu har murya ta tsage:
Ku koma baya! Arzika, mutuminka! Mutuminka, na ce!
A hutun rabin lokaci ban faɗi komai mai hikima ba.
Na jiƙa musu kai da ruwan jarka,
na ce a sha kaɗan-kaɗan,
na ɗaure wa Abarshi yatsa da tsumman goge inji.

Saura minti shida yatsan ya ƙi.
Na waiwaya.
Bizo ne zaune kan jarka,
wata huɗu yana ɗauko mana ruwa daga famfo,
bai taɓa cewa a sa shi ba,
sai dai ya riƙa kallon bakina.

Na san akwai wanda ya fi shi.
Shi ma ya sani.
Na ce, Bizo, tashi.

Bai yi minti uku ba,
ƙwallo ta taso masa daidai fuska,
ya ɗaga hannu, kamar yadda kowane ɗan shekara goma sha ɗaya zai yi.
Usur. Fanareti.

Nomau ya tsaya a raga yana tofa yawu a tafi,
shi da ragar kamar akuya a bakin rijiya.
Na juya baya. Ban iya kallo.
Na zuba wa mai sayar da bisap ido,
na ce a fuskarta zan karanta.

Sai na ji ƙarfe ya yi ƙara.

Na san muryar ƙarfen nan.
Ni na yanko shi daga tsohon amalanke,
ni na yi masa walda da dare, lantarki na zuwa yana tafiya,
ya fito a karkace, ya shigo ciki da kamar yatsa biyu.
Shekara biyu ina cewa gobe zan gyara.

Matar ta saki ludayi a cikin kula.

Da aka tashi, kowa ya ruga kan Nomau,
wanda bai taɓa ƙwallon ba.
Bizo ya koma kan jarkarsa
yana kuka ba sauti, kafaɗa kawai ke motsi.
Na tsuguna. Gwiwata ta yi ƙara.
Ban ce ba komai ba, don ya san da komai.
Na miƙa masa ƙwallo, na ce yau a gidanku za ta kwana,
ka kawo ta Laraba,
jarka kuma Abarshi zai ɗauka.

Gabas ta fara yin baƙi wajen tabkin Babaye.
Kafin in tafi na dafa turken, har yanzu da zafi.
Gobe zan gyara shi.
Ko jibi.